Kawu Baduku da Shafukan da Yake Ɗinkewa

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma, ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya riga mu. Ranar Talata da hantsi muka kai shi, yau kwana tara ke nan, kuma har jiya in na bi ta bakin kasuwar Bagudo nakan kawar da kai don kada in ga rumfarsa a rufe.

An zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Daga Zagga an zo, daga Lafagu an zo, har da waɗansu Dandawa daga tsallaken iyaka waɗanda ya yi shekaru yana ɗinka musu kube da takalma. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta riƙe takalminsa ɗaya a cinya, ta hana a karɓa. Matar Kawu kuwa sai ta yi kuka, ta tuna wani halinsa ta yi dariya, sannan ta koma kukan. Masu kabu-kabu suka jera mashinansu a ƙofar gida, kusan kowane sirdi da facin Kawu a kansa.

Amma wanda ya ba mutane mamaki shi ne makiyayin Kawu, Bafulatanin da ke riƙe masa shanunsa tun kafin a yi mini aure. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawa, kuma da aka watse ya ƙi tashi. Dattijo ne mai kunya, ban taɓa ganin ya ci abinci a gaban mutane ba, sai ga hawaye yana bin gemunsa a bainar jama'a. Wani a bayana ya ce, "Wanga kuka ya yi yawa ga mai kiwo." Na kusa da shi ya ce, "Kai baƙo ne? Ba don mamacin ba, ai da shi anka riga binnewa." Na ji su. Amma rabin labarin suka sani. Ɗaya rabin yana cikina shekara huɗu ke nan.

Aji shida na tsaya a makaranta, don haka a yi mini uzuri. Na daɗe ina tsoron ɗaukar biro, kada in ƙara wa mamaci abin da bai yi ba, ko in rage masa. Ni mutum ne mai tsoro, kowa a gidanmu ya sani. Nakan kulle ƙofa, in dawo in taɓa kwaɗon, in sake dawowa. In na ji ƙarar mashin a hanyar gona, sai na nemi itace na laɓe. Kawu ba ya kirana da sunana, Sarkin Tsoro yake ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ce.

Baduku ne, ɗan baduku. Karatun boko da girmansa ya koye shi, a ajin yaƙi da jahilci, kuma bai taɓa ɓata shi wajen karanta jarida ba. Abin da yake so shi ne littattafan nan masu lamba, na ɗaya, na biyu, na uku, waɗanda a cikinsu wani mai bincike mai zaman kansa yake bin sawun masu kisa da masu sata. Direbobi suke kawo masa daga Birnin Kebbi, wani lokaci daga Kano. Ba ya faɗin sunan mai binciken, "mutumina" kawai yake cewa, kamar maƙwabcinsa ne da ya yi tafiya zai dawo. In sabon littafi ya iso, sai ya shafa bangon ya ce, "To, mutumina ya sauka lahiya."

Babban wansu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa yi masa faɗa a kai. Ya ce dattijo da furfura ya zauna yana karanta ƙarya, ƙaryar ma ta zubar da jini. Kawu bai ɗaga kai daga fatar da yake yanka ba. Ya ce, "Yaya, mutumin ga ba shi da kaki, ba shi da bindiga, ba na gwamnati ba ne, ba na sarki ba ne. Tsohuwa mai ƙosai tana iya buga mishi ƙofa ya saurare ta. In ka san irinshi a garin ga, nuna mini gidanshi in daina karatu." Wata biyu ba su gaisa da kyau ba. Daga baya na ga babban wan yana tsayawa bakin rumfa, wai inuwa yake sha.

Yana da wata al'ada da ban taɓa jin wani yana yi ba. In littafi ya zo, kafin kowa ya buɗe, sai ya ƙirga takarda goma daga baya, ya sa basilla da siririn zaren fata ya ɗinke su gam. Ana karatu ranar kasuwa bayan la'asar, mutum biyar ko shida a rumfa. In an iso wurin ɗinkin, sai a tsaya. Kowa ya faɗi wanda yake zargi, kuma dole ya faɗi dalili. In ka ce, "Direban nan ne, ban yarda da shi ba," sai Kawu ya ce, "Ban tambaye ka zuciyarka ba. Mi ka gani?" Wanda ya kasa kawo abin da ya gani, shi zai share rumfa. Sai kowa ya gama, sannan ya ɗauko 'yar wuƙarsa ya yanke zaren. Na share rumfar nan ya fi a ƙirga.

Matar Kawu ta ba da wani labari ranar uku, mata suna ta dariya cikin hawaye. Wani littafi ya hana ta sukuni, don ana ba ta labarinsa a gida. Da Kawu ya tafi masallaci ta yanke zaren, ta sa 'yarta ta karanta mata ƙarshen, ta mayar ta ɗinke tsaf. Kawu ya dawo, ya ɗauki littafin, ya bi ɗinkin da yatsa sau ɗaya. Ya ce, "Wanga ba hannuna ba ne. Ni biyu-biyu nike soka, in ƙulle ta ciki. Wanga hannun mai ɗinkin zane ne, kuma mai sauri, tana tsoron a kama ta." Ta ce ta rantse masa da tuwon da ke kan wuta, ya ce tuwon ma shaida ne, don ya kama.

Da yanar ido ta hana shi gani, karatun ya dawo kaina. Ban so ba. In an zo inda aka tsinci gawa, muryata rawa take yi, har in tsallake layi. Wata rana na ce, "Kawu, tsoron da ke gari bai ishe mu ba, sai mun sayo wani?" Lokacin an fara kore shanu a ƙauyukan da ke kusa da daji, ana tare mutane a gona. Ya ce, "Sarkin Tsoro, ai shi ya sa. Tsoron gari ba ka san inda ya tsaya ba. Na littahi shina da bango. Ka shiga ka ji tsoronka, ka hito ta baya an kama mai laihi, an sallami wanda bai yi ba. Kuma mutumina bai mutuwa, shina nan a na gaba." Daga ranar na lura cewa in ina karatun, ba na sauraren ƙarar mashin.

Makiyayin ma yana zama da mu in ya shigo kasuwa. Ba ya magana sai an zo ɗinki. Kawu yakan tsokane shi irin wasan Bahaushe da Bafulatani, ya ce, "Agwai, kai da shanu kaɗai ka sani, wa ka kama?" Shi kuma ya ce, "Kaɗo mai warin fata, bari manya su yi tunani." Sai ya faɗi wani da ba wanda ya kula da shi, ya kawo ɗan ƙaramin dalili, kuma sau da yawa shi ke cin gari. Sharar rumfa ba ta taɓa faɗa masa ba.

Yanzu na zo ga rabin labarin da ke cikina.

Da damina ne, shekara huɗu da suka wuce. Ina dawowa daga gonar shinkafata ta hanyar da ke zuwa iyaka, bayan la'asar, sai na ji mashin a bayana. Na faɗa bayan wata kuka na leƙo. Mutum biyu ne, sun naɗe fuska da rawani. Suka tsaya wurin makiyayin Kawu, yana tare da shanu a gefen hanya. Suka yi magana, ya ɗaga sanda ya nuna musu wani wuri, suka wuce. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bayan kwana uku aka shiga wani ƙauye gabas da mu, aka kore shanu, aka harbe mutum ɗaya. Da safe ina teburin mai shayi, kowa yana cewa dole akwai mai nuna musu hanya. Na tuna da masu rawanin nan. Na matsa kusa da mai shayi na ce masa a kunne, "Ni fa na ga makiyayin Kawu shina nuna wa masu rawani gari da sanda. Amma kada ka faɗa wa kowa."

Kafin azahar maganar ta zaga kasuwa, ta dawo ta same ni da ƙari. An ce an gan shi da bindiga. An ce an ga suna ba shi waya. 'Yan sa-kai suka je har ruga suka kamo shi, suka ɗaure shi a jikin darbejiyar ƙofar mai unguwa. Na je na tsaya daga nesa. Na ga an mare shi da takalmi a kunnen dama, jini yana bin wuyansa. Sau ɗaya ya ce, "Hanya sunka tambaye ni, ban san su ba." Bai sake buɗe baki ba, irin nasu ba sa roƙo a gaban taro. Matasa suna cewa a shiga da shi daji. Da ƙyar mai unguwa ya samu suka yarda a bari sai gobe da azahar. Suka ce in bai faɗi sunayen mutanen ba zuwa lokacin, ba ruwan kowa.

Na je rumfar Kawu. Ya riga ya ji, yana laluben sandarsa zai tafi. Na durƙusa na ce, "Kawu, ni ne. Daga bakina ta fita."

Ya daina laluben sandar. Sannan ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce, "Na ga shina nuna musu gari."

Ya ce, "Wannan abin da ka faɗa ne. Tashi ka kai ni inda ka tsaya."

Na riƙe masa hannu muka bi hanyar, ina ta waige-waige. Muka isa kukar daidai irin lokacin da abin ya faru. Ya ce in laɓe kamar yadda na laɓe, in leƙo. Na yi.

"Ina rana take?"

"Ga ta a idona, Kawu."

"Ina gari?"

"Yana bayana."

"To ɗaga hannunka yadda ya ɗaga sanda."

Na ɗaga. Hannuna ya miƙe wajen rana, ɗan dama kaɗan. Ba gari yake nunawa ba. Mashigin shanu yake nunawa, inda ake tsallaka rafi a fita wajen Benin, don ruwa ya cinye babbar hanya a makon. Ni da kaina na san ruwa ya cinye ta. Tsoro ne ya juya mini sandar a cikin kaina. Na zauna a ƙasa na fara kuka.

Kawu ya ce, "Kukan ga bai kwance igiya. Mi ke kan mashin ɗin?"

Na rufe ido. Na ce jarkoki, ɗaure hagu da dama.

"Mai zuwa harbi da jarkoki shike tahiya? Ci gaba. Sirdin fa?"

Na ce na ga gefensa lokacin da na bayan ya sauka. Baƙi ne, da jan faci mai kusurwa uku daga baya.

Ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Jar fatar akuya. Guntun da ya rage mini ne, shi ya sa ya yi kusurwa uku. Mu tahi."

Kafin magariba muna ƙofar gidan wani magidanci a bayan tasha, wanda ke ɗaukar fetur a jarka yana kaiwa tsallake. Ba zan faɗi ko wane ne ba, Kawu bai faɗa ba. Mashin ɗin yana zaure. Kawu ya lalubo sirdin, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce, "Biyu-biyu, ƙulli ta ciki." Mutumin ya fara rantse-rantse, yana tsoron a san sana'arsa a kama shi. Kawu ya ce, "Ɗana, ba wanda ya tambaye ka mi ka ɗauko. Hanya ka tambaya, anka nuna maka, gobe za a kashe wanda ya nuna. In ka zo da ƙafarka, mashigi kaɗai za ka faɗa. In ba ka zo ba, ni makaho zan ɗauki sirdin ga a kai in je da shi, in ya so a tambayi sirdin."

Ya zo. Da hantsi ya tsaya gaban mai unguwa, shi da ƙanensa da ya goya ranar, suka faɗi yadda aka yi. Aka kwance makiyayin. Kunnen nan na dama bai sake ji ba har yau. Da shugaban 'yan sa-kai ya ji kunya, sai ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi, yana cewa a fito da wanda ya fara faɗa. Mai shayi ya ce shi ma ji ya yi an ce. Ina tsaye a wurin. Kawu ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, duk da ba ya gani, ya ce, "Igiyar ga ta sha jini ɗaya, ya isa. Wanga shafi a ɗinke shike."

A hanyar gida na yi ta yi masa godiya. Ya fizge hannunsa daga nawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Na rufe ka daga masu sanda, ban rufe ka daga mai haƙƙi ba. Ka je ka faɗa mishi." Na ce sai ya warke. Da ya warke na ce sai bayan girbi. Na riƙa kai wa makiyayin magani da goro da tabarma, har matata ta ce ko ubana ne. Amma bakina ya ƙi buɗewa. Ina tsoron ya tsine mini. Ina tsoron 'ya'yansa su ji. Ina tsoron ya dube ni kawai. Kawu bai sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya a shekara, in damina ta faɗi. Yakan ce, "Sarkin Tsoro, zarenka shina nan?" In ce, "Yana nan, Kawu." Ya ce, "Ni ba ni yanke na wani."

Muna tsakiyar wani littafi ciwo ya kwantar da Kawu. Saura kaɗan mu kai ɗinki. Ranar Litinin da rana ya sa aka kira ni, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ba ni littafin da 'yar wuƙarsa. Na ce, "Kawu, in ƙarasa maka?" Ya ce, "Ni na kusa ganin ƙarshen da ya hi wanga. Kai dai kana da zare biyu. Kada ka yanke na takarda ka bar ɗayan." Washegari da safe ya cika.

Shekaranjiya, bayan addu'ar bakwai, na tafi ruga. Sau biyu ina juyowa daga hanya. Na sami makiyayin zaune a gindin wata ƙirya yana tufka igiya. Na gaishe shi, na zauna a gefensa, na sunkuyar da kai na faɗi komai tun daga kuka har teburin mai shayi. Har na kusa gamawa, yana ta tufkarsa. Can ya juyo ya ga bakina yana motsi. Ya ce, "Magana kake? Wancan kunnen kun kashe shi. Zagayo nan."

A damansa na zauna. Duk abin da na tara shekara huɗu, a mataccen kunne na zuba shi. Na tashi na zagaya hagu, na sake faɗa daga farko. Na biyun ya fi na farkon wuya.

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ranar nan ba kowa a hanyar sai mutum ɗaya bayan kuka, da jar hula. Da anka kwance ni, mutum ɗaya ya kawo mini goro sau uku a mako guda, kuma bai iya duban kunnena. Ka zaci sharar rumfa ta taɓa faɗa mini?"

Na ce, "Baffa, ka sani, ka yi shiru?"

Ya ce, "Na faɗa wa Kaɗo tun a makon. Ya ce in bari, mai zare ya zo da kanshi. Na ce ba ka zuwa. Ya ce kana zuwa. Ga shi ya ci ni, kuma bai tsaya ya yi mini dariya ba." Ya sa hannun riga ya share ido.

Na ce, "Ka yafe mini?"

Ya ɗauki igiyarsa. Ya ce, "Wannan ban kai wurin ba tukuna. An ce ya bar littahi?" Na ce yana wurina. Ya ce, "Ranar kasuwa ka buɗe rumfa. Ka zauna ta hagu."

Ya Allah, Kawu ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, ka rufa nasa. Ya kwance wanda aka ɗaure bisa zalunci, ka kwance shi daga duk abin da ke ɗaure bawa a kabari. Ka haskaka masa idon da ya rufe a duniya, ka ba Inna da matarsa da mu duka haƙuri.

Gobe ce kasuwa. Na share rumfar tun yau, ba tare da kowa ya sa ni ba. Littafin yana aljihuna da wuƙar, ɗinkin yana nan biyu-biyu yadda ya bar shi, ban taɓa ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma na shimfiɗa tabarma biyu, kuma na duba sau uku, tawa tana hagu.